Hannun da Ya Kai Kunne

Shekara huɗu, damina huɗu da ban riƙe hauya ba, sallah takwas da ban ci a gidanmu ba, duk saboda kujera ɗaya a makarantar da har yau ban ga ƙofarta ba. Abin da na zuba ke nan. Na fara faɗa maka shi ne don ni ɗan kasuwa ne, ba na son a yi mini tallan kaya kafin a gaya mini nauyinsu.

Siminti nake sayarwa a Ƙonni. Buhunan yanzu na leda sun yi yawa, amma idan aka sauke mini na takarda, aka yage bakin ɗaya, ƙurar nan mai ɗaci ta shiga hancina, to ɗakin kawuna na Malbaza nake gani. Sai dai labarin bai fara daga ɗakin ba. Ya fara ne a gindin wani gawo, a ƙauyenmu na ƙasar Bazaga.

Mahaifiyata ta rasu ina goye, kakata ta wajen uba ita ta raine ni da nonon akuya da kunun gero. A ɗakinta nake kwana, daga ƙwaryarta nake shan fura. Wata shekara bayan an ɗaure gero, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya zo ɗaukar yara, mai gari ya ce kowane gida ya ba da ɗaya. A lokacin ba mai takardar haihuwa a ƙauyen. Yadda ake gane yaro ya kai shekara bakwai shi ne a ce ya ɗora hannun dama bisa tsakar kansa ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya isa. Yayana ya fi ni da shekara uku, amma shi ke kiwon awaki, don haka babana ya tura ni gaba. Na ɗora hannu, na kamo kunnen ba wahala, har ina murna.

Kakata ta ratso maza ta ce, "Malam, hannun ne dogo, irin na ubanshi. Damina biyar gare shi, ni na binne cibiyarshi. Duba bakinshi, ko famfara bai yi ba."

Malamin ya ce, "Tsohuwa, kishi ne kawai, za a raba ki da mijinki."

Maza suka yi dariya. Ya rubuta bakwai a rajista. Daga wannan rajistar aka ciro mini takardar haihuwa daga baya, aka sa ɗaya ga watan Janairu kamar yadda ake sa wa duk wanda ba a san ranarsa ba. Babana ya naɗe ta ya jefa cikin gwangwanin da yake ajiye takardun haraji.

Shekarar farko barci na yi ta yi a aji, aka maimaita mini. Daga baya kaina ya buɗe, musamman a lissafi, na ci jarrabawa na tafi kwaleji, ƙaramar sakandare, a Ƙonni. Can ma wata shekara ta tafi a banza, aka rufe makarantu kowa ya koma gida. Ban ɗauki ko ɗaya a bakin komai ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana aiki a masana'antar siminti ta Malbaza, wadda muke ce wa luzin. Shi ke zaune a bakin sikeli yana auna manyan motoci, su shiga wayam su fito da lodi. Allah bai ba shi haihuwa ba, matarsa kuma ta daɗe da komawa gidansu. Mutum ne marar yawan magana, mai goge takalmi ko da garin ya cika da ƙura. Shekara da shekaru yana kallon injiniyoyi suna wucewa ta gabansa da farar hular kwano, har ranar da ya tare ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi ta wace hanya ake zama irinsa. Mutumin ya zauna ya yi masa bayanin wata babbar makarantar injiniyoyi a ƙasar waje, wadda ke ɗaukar ƴan kaɗan daga ƙasarmu kowace shekara, ta ɗauke musu komai.

Da na gama aji uku na kwaleji, kawu ya zo ƙauye ya karɓi biltan ɗina, takardar makin shekara, ya daɗe yana dubawa. Ya ce wa babana, "Ba ni shi shekara huɗu." Babana ya ce an ba shi. Kakata ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli a gefen tsohon zanenta ta yage ta miƙo mini.

Ranar da muka isa Malbaza, kawu ya yanko takardar buhun siminti, ya kakkaɓe ta, ya shimfiɗa a kan tabarma, ya ja mata layi huɗu da biro. Kowane layi shekara ɗaya ne. Na farko, in gama kwaleji cikin ukun farko don a tura ni sashen lissafi a lise, babbar sakandare. Sauran ukun a Tawa za a yi su, kowanne da makin da ba a yarda in sauka ƙasa da shi ba, da littattafan da zan gama a hutun damina kafin a fara koyar da su a aji. A gefe ya rubuta Ingilishi, ya ja masa layi biyu. Ya kafe takardar da ƙusa a bango, daidai inda idona zai faɗa in na farka.

Ya ce, "Masu shiga can ba ranar jarrabawa suke shiga ba. Tun yanzu ake shiga. Biltan ɗin kowace shekara za su duba."

Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ban ga inda tsarin nan ya yi kuskure ba a cikin abin da aka rubuta.

Zaman Malbaza zama ne na mutum biyu da ba su saba hira ba. Kawu ya dawo daga aiki, mu ci tuwon da ake aiko mana daga maƙwabta, ya tambaye ni abin da aka koya, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Kullum sai na hure farar ƙura daga kan littafina kafin in buɗe. Da hadarin farko ya haɗo, ƙasa ta yi ƙamshi, ƙafafuna suka dinga ƙaiƙayin gona. Na san a gida an fita shuka, ana tafe ana sara ana rufewa da dunduniya, kakata na biye da ƙwaryar iri. Ni kuwa ina zaune da lissafin shekarar da ba ta zo ba tukuna.

Tawa ta fi haka shiru. Kawu ya ajiye ni a gidan wani mai sayar da fatu, abokin abokinsa, aka ba ni ɗaki a zaure kusa da inda ake jibge kaya. Mutanen kirki ne, ba su taɓa hana ni abinci ba, amma ni baƙo ne na shekara uku. Ranar sallah a miƙo mini kwanona da nama a kai, in ci ni kaɗai ina jin dariyarsu daga cikin gida. A aji kuma ban yi aboki ba, don duk wanda ke kusa da ni a maki kallon abokin takara nake yi masa. Sau ɗaya a shekara kawu ke ba ni kwana uku in leƙa ƙauye da rani. Sa'o'ina sun fara tafiya cin rani, suna dawowa da rediyo da labarin garuruwa. In na zo dandali sai su ce, "A matsa wa injiniya," su matsa ɗin kuwa, hirar ta mutu har sai na tashi.

A shekarata ta biyu a Tawa, ana saura kwana kaɗan layya, wani direban motar kasuwa ya kawo mini ƙullin ƙuli-ƙuli da saƙon baki daga kakata. Ya ce, "Ta ce a gaya wa mijinta, in bai zo layyar bana ba, ta nemi wani." Na yi dariya. Washegari wasiƙar kawu ta iso, layi ɗaya: jarrabawa saura sati uku, in zauna.

Ba zan ɗora wa kawu wannan shi kaɗai ba. Kuɗin mota na hannuna, ba wanda ya kulle mini ƙofa. Na auna kwana huɗun da zan rasa, na ga wanda ke bi mini a aji zai iya wuce ni, na zauna. Kakata ta rasu kwana tara bayan sallah. Kawu ya hana a faɗa mini sai da na ajiye biro. Shekarar na zo na ɗaya.

A shekarar ƙarshe, cikin tsananin zafin bazara, aka buɗe karɓar takardun masu neman makarantar. Kawu ya ɗauki hutu ya zo Tawa da takardar haihuwata, wadda ya biya ƙauye ya karɓo daga gwangwanin babana. Muka jera komai cikin kwali, muka je buro, wato ofishinsu. Wata mata ce ke karɓa. Ta buɗe, ta ɗauki takardar haihuwar, ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa.

Ta ce, "Ba a karɓar wanda ya wuce ashirin da biyu. Ranar jarrabawa zai wuce da wata biyar."

Kawu ya ce, "Madam, dubi makin nashi."

Ta ce, "Na gani, baba, Allah ya yi albarka. Amma ba daga nan ake farawa ba."

Shekarata ta gaskiya ashirin a lokacin. Injiniyan da ya koya wa kawu hanya bai ambaci shekaru ba, don shi a asibiti aka haife shi, takardarsa daidai take, abin bai taɓa tare masa gaba ba. Muka je kotu. Wani dattijo ya yi mana bayani cikin haƙuri: ana gyarawa, amma sai an kawo shaidun da suka san haihuwar, sannan a bi duk takardun jarrabawar da na ci a baya a canja su ɗaya bayan ɗaya, aikin watanni. Karɓar takardu kuwa sati uku ya rage a rufe. Ya ce, "Da tun yana kwaleji kuka zo, da ba wani abu ba ne." Aka tambayi babana, ya ce shi dai ya san shekarar an yi wake da yawa. Kakata da ta san damina ɗaya-ɗaya tana ƙasa. Wani ya raɗa wa kawu cewa akwai hanyar da ba ta bi ta gaban alƙali, kawu ya yi kamar bai ji ba.

A tasha, muna jiran motar Malbaza ta cika, ya ce mini, "Ɗora hannunka bisa kai." Na ɗora. Yatsuna suka wuce kunnen har suka taɓo haɓa. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ina gindin gawon nan ranar. Ni na ce wa babanka shi ba da kai. Na ji abin da tsohuwar ta ce." Ya sunkuya ya goge ƙurar takalminsa da hannu. "Har da ni aka yi dariya."

Na ci jarrabawar fita lise da maki mai kyau. Ba wanda ya hana ni jami'ar Yamai, na je, na yi wata bakwai, na dawo. An gina ni don ƙofa ɗaya, da ta rufe ban iya son wata ba. Wannan wautata ce, ba ta kowa ba. Na fara bin motocin siminti ina saro kaɗan ina sayarwa, lissafin da na koya ya yi mini rana, yau injiniyoyi ke tsayawa a bakin shagona suna neman ragi. Kawu bai taɓa yi mini maganar makarantar ba har ya rasu. Cikin kayansa na tarar da takardar buhun, a ninke, da ramin ƙusa a samanta.

Yanzu kowace unguwa da lakwal, ba a kuma kama kunne. Ɗiyata ta fari, ranar sunanta kafin a gama feɗe rago ina buro ina yankar mata takarda. Tana da kan lissafi fiye da nawa. Da ta gama aji uku na kwaleji na ciro takardar kawu na kwafe mata, na ƙara layi ɗaya a sama, na shekarun haihuwa, sannan daga baya na kai ta lise a Yamai wajen gwaggonta. Babana yana nan gidana, ya tsufa, ba ya gani sosai, kullum sai ya tambaya yaushe amaryarsa za ta dawo.

Layyar da ta wuce ɗiyar tawa ta kira ni a waya. Ta ce, "Baba, in taho?"

Na ce, "Jarrabawa saura sati nawa?"

Ta ce, "Uku."

Na ce, "To zauna."

Ta ce to. Na ajiye wayar. Ana sauke kaya a lokacin, wani buhu ya fashe a bakin ƙofa, na zauna ina kallon ƙurar tana sauka a kan tebur. Ban ci abincin rana ba. Washegari da sassafe na ɗauki mota na kama hanyar Yamai da kaina. Ta yi kwana biyar a gida, ta soya nama, ta yanke wa kakanta farce yana yi mata tsiya wai ta rame don ba ta da miji nagari sai shi. Makinta ya ɗan sauka a wannan zangon, ta koma ta uku. Na sa hannu a biltan. Ko za ta samu kujerar da take nema, ban sani ba, saura shekara guda.

Ga yadda lissafina ya tsaya. Kujerata wata biyar suka raba ni da ita, kuma ba ni na rubuta su ba, don haka na daɗe da cire ta daga cikin asara. Damina huɗu na mayar da su, ina da gona yanzu a hanyar Bazaga. Sallah bakwai ma na yafe. Ta shidan ce, wadda aka aiko mini da ƙuli-ƙuli. Ita da hannuna na bayar, kuma har yau ban ga abin da na saya da ita ba.