Dikte Daga Bayan Ƙeya

Sanƙarau ya kama ni ina aji huɗu, a ƙauyenmu da ke gefen Korgom. Ya bar ni da rai, alhamdu lillahi, amma ya tafi da kunnen dama ɗungurungum, na hagu kuma ya rage mini ɗan kaɗan. Magana takan zo mini kamar daga cikin rijiya. In mutum yana gabana ina kallon bakinsa, sai in haɗa abin da ido ya gani da wanda kunne ya tsinta, in gane. In ya juya baya kuwa, ko zagina yake sai dai in yi masa murmushi. Yara sun yi ta gwada ni da haka, ƴan banza, har suka gaji.

Malamin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, wanda muke kira Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin boko, shi ya fara gane halin da nake ciki. Saurayi ne daga wajen Mayahi, sabon ɗauka, ba a ko tabbatar da shi a aiki ba. Ya ɗauke ni daga bencin baya ya kawo ni gaba, ya daina magana yana fuskantar allo. Har gashin bakinsa ya aske don in riƙa ganin leɓɓansa, manyan gari suka yi ta yi masa tsiya wai ya koma yaro.

Shekarar da na shiga ajin ƙarshe ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Tun kafin sanyi mata suka koma jiƙa anza ana zubar da ɗacinta a ci. Baba ya ɗaure kaya zai tafi ci-rani Katsina da Inna da mu duka, sai ga Mushe ya yi sallama ya durƙusa a zaure.

"Baba, a bar mini ita. Bana za ta yi sartifika ta gama firamare da jarrabawar shiga kwaleji. In ta ci, Tasawa za a kai ta, gwamnati ce za ta ciyar da ita. In ta wuce bana shi ke nan, shekarunta sun kai, ciwo ya riga ya cinye mata aji guda."

Baba ya ce, "Mushe, yarinyar nan fa ba ta ji."

"Na sani. Amana ce, na ɗauka."

Da wannan magana aka bar ni wurin Kakata, ita da ni da akuya ɗaya da ba ta kai bazara ba. Na yi kuka da amalankensu ya tashi, amma a raina na ce ai ba a banza aka bar ni ba.

Kuma gaskiya ɗaya ce, ya koyar da ni. Kowace la'asar ya sa ni gaba a gindin gawon da ke bayan aji, shi yana fuskantar rana don haske ya sauka a bakinsa. Lissafi ba ya ba ni tsoro, tarihi da labarin ƙasa kuwa ido ke karantawa. Dikte ce matsalar, wato a karanta Faransanci da baki kana rubutawa. Kuskure biyar sifiri, sifiri a dikte kuma ya kayar da kai ko da ka cinye sauran. Ya ce kada in bi kalma ɗaya ɗaya, in jira jimla ta cika in san inda ta dosa. Ya ce in na rasa kalma in bar gurbinta in wuce, kada in tsaya kokawa da ita. Wata rana cikina yana ƙugi har shi ya ji, ya raba mini dafaffiyar jar dawar agaji da ya zo da ita. Kafin damina na fi kowa a ajin ƙarancin kuskure.

Abu ɗaya ya hana ni sakewa. Malamai sun saba karanta dikte suna tafiya tsakanin bencuna, hannu ɗaya a baya, su kai ƙarshen aji su dawo. Shi Mushe ya bar wannan saboda ni, amma ran jarrabawa baƙo ne zai karanta. Na tambaye shi ya fi a ƙirga. Kullum amsarsa ɗaya: "Ke dai ki yi karatunki. Ni zan gaya wa mai karantawa ya tsaya a gabanki. Magana ɗaya ce." Kaka ma ta kama hannunsa ran da za mu tafi Tasawa, ta ce, "Ɗana, kada ka manta da zancen kunnen nan." Ya ce ko sunansa zai manta ban da wannan.

Da safe aka jera mu a filin lakwal ɗin Tasawa. Zamanin soja ne, babban jami'i da kakinsa ya zo buɗe ambulan tambayoyi, insifekta yana biye da shi, malamai duk sun ƙame. Da idona na ga Mushe tsaye da wani dattijon malami mai tabarau, suna raba goro suna hira. Da muka shiga aji na ga dattijon ne zai karanta mana, sai na sauke ajiyar zuciya.

Ya ɗaga takarda, ya faɗi kan magana, na rubuta. Sai ya sa hannu a baya ya taka. Ya wuce ni.

Wayyo Allah! Ina jin muryarsa tana gunguni a bayana, ba kalma ko ɗaya. Na waiga, wani malami mai tsaron aji ya buga tebur ya nuna mini takardata, a zatonsa leƙe nake. Na bi shawarar Mushe, ina barin gurbi ina wucewa, har gurbi ya fi rubutu yawa. In dattijon ya dawo gaba in cafki kalma biyu uku, ya sake juyawa. Ban ɗaga hannu ba. Ɗiyar ƙauye ce ni, ga soja a waje, kuma ina ta cewa yanzu zai tuna ya tsaya.

Da ya zo karɓar takardu ya dubi tawa, ya dube ni. Ya sunkuyo ya ce, "Ke, lafiya?" Na ce ba na ji sai ina ganin baki. Ya cire tabarau ya riƙe baki. "Subhanallahi! Me ya sa ba wanda ya gaya mini? Waye mushenku?" Na nuna masa shi ta taga. Ya daɗe yana kallonsa. Da aka zo lissafin ka, wanda shi ma da baki ake faɗa, dattijon nan ya zo ya tsaya ƙyam a gaban bencina har aka gama. Ba wanda ya hana shi, ba wanda ya ko ɗaga kai. Na ci tambayoyin duka, amma aikin gama ya gama.

A kan amalanke muna komawa gida na tambayi Mushe me ya sa bai faɗa ba, gaban sauran yara, ban ko rage murya ba. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗi gaskiya. "Insifekta na kusa. In na faɗa, ni za a tambaya dalilin da na kawo kurma jarrabawa, ga shi bana ake duba zancen tabbatar da ni. Na ɗauka za ki iya."

Kurma. A bakinsa na karanta ta, ba kuskure. Wallahi da bai taɓa koya mini komai ba da ya fi mini sauƙi, da na bi iyayena na sha wuyata tare da su. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa, kuma ban yafe ba, kada wani ya zo mini da wa'azi.

Baba ya dawo da ruwan shuka, ya rame, ƙaramin ƙanenmu kuma an baro shi a maƙabartar Katsina ban gan shi ba. Da sakamako ya fito babu ni, Baba ya ce haka Allah ya so, kunne ne, Mushe ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Na buɗe baki in faɗa, na dubi yadda wuyansa ya zama, na fasa.

Ran kasuwar Korgom Baba ya samo zakara da ƙullin goro, ya ce in zo mu je mu yi godiya. Ni aka ba riƙon zakaran. Baba ya durƙusa a ƙofar Mushe yana sa masa albarka, ya taɓa ni ya ce, "Ke, ba ki iya godiya ba?" Na durƙusa na ce na gode. Mushe ya miƙo hannu biyu ya karɓa.