Uwar Riƙo a Maƙerar Baba Tanimu

Duk wanda ya san Baba Tanimu ya san 'yar gudumar nan da ba ta barin aljihun rigarsa. Ba ta fi tsawon tafin hannu ba, ƙotarta ta yi baƙi saboda riƙo. Ƙarfe dai in ya gifta ta gabansa sai ya sha ƙwanƙwasa, ko ƙofar masallaci ce, ko keken baƙo, ko tukunyar amarya. Zai ɗan buga, ya karkata kai, ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci. Hukuncin nasa kuwa iri biyu ne: ko ya ce mai gaskiya ne, ko ya ce maƙaryaci ne. Daga nan babu ɗaukaka ƙara.

Ku da kuka zauna da shi a Gazara kun san ban ƙara gishiri ba. Ni dai a hannunsa na tashi. Wan mahaifina ne, mahaifin nawa ya rasu ina rarrafe, Baba ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa, waɗanda duk mata ne. Don haka tun ban san kaina ba kowa ya ɗauka ni ne magajin maƙerar gidanmu.

Kun tuna ranar da za shi kasuwar Makarfi da damin fartanyu? Mota ta cika, shi kaɗai ake jira, sai ya ciro guduma ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙofa.

"Direba, motar nan taka maƙaryaciya ce."

"Baba, don Allah shiga mu tafi, rana tana yi."

"Ku tafi, Allah ya kiyaye hanya."

Ya aza kayansa a ka ya kama hanya a ƙasa. Mota ta je Makarfi lafiya lau, ta sauke mutane, ta kwaso wasu, ta dawo ta same shi yana ta sharɓar gumi bai ko yi rabi ba. Direba ya rage gudu ya leƙo.

"Baba, ga maƙaryaciya ta je ta dawo."

Ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Ai ban ce ba ta tafiya ba. Maƙaryata ma suna zuwa kasuwa."

To, wannan mutumin na durƙusa wa wata rana na ce ina so in tafi Ikara in koyi walda. Ya juya gawayi da awartaki, sannan ya yi magana.

"Wato za ka bar ƙira ka koma ɗinki."

"Baba, ƙarfe ne fa ake haɗawa."

"Da allura mai wuta. Mu ƙarfe muke sa wa ya zama abu guda. Ku kuwa baki da baki kuke haɗawa ku bi da zare. Je ka, Tela, Allah ya ba da sa'a."

Sunan da ya bi ni ke nan. Na yi aure ina Tela, na haihu ina Tela. Akwai wani bawan Allah daga Hunkuyi da ya taɓa sallama a shagona gab da Sallah, da shaddarsa a leda, wai Baba ne ya ce masa ɗansa babban tela ne a Ikara. Mutumin ya kalli injin walda, ya kalli tartsatsi, ya rungume shaddarsa ya ja da baya. Na yi dariya ranar, amma ba zan ɓoye muku ba, sunan yana yi mini ciwo. Wanda ya goye ni yana ganin na gudu na bar shi da wuta shi kaɗai, kuma da gaskiyarsa.

Sai uwa ta tsage.

Ga wanda ba ɗan gidan ƙira ba, uwar maƙera ita ce dunƙulen ƙarfen da ake ɗora jan ƙarfe a kai a dake shi. Mu uwa kawai muke ce mata. Tamu ta kakan kakanmu ce, a kafe take cikin kututturen da aka binne a tsakiyar rumfa. Ba a zama a kanta, ba a tsallake ta, kuma Baba bai taɓa ɗaga masaba da safe ba sai ya yi bisimilla ya shafa kanta da tafin hannu. Ana gab da faɗuwar damina, lokacin da manoma ke layi da garemani, yana cikin dukan addar yankan rake sai kan uwar ya dare, wani ɓangare ya ɓalle ya faɗi gaban ƙafarsa. Waɗanda ke wurin ne suka ba ni labari. Ya tsinci ɓallin ya sa a aljihu, ya yayyafa wa wuta ruwa, ya naɗe zugazugi ya shige gida.

Iya Hajara, matarsa, ita ta kira ni a waya.

"Sabi'u, ka zo ka ga babanka. Tuwo sai ya tsakura ya ture. Ko ƙofar ɗaki ya daina ƙwanƙwasawa."

Wannan ta ƙarshen ita ta tayar mini da hankali. Na zo na same shi a zaure ya zabge, wuyan riga ya yi masa yawa. Na gane in ba a sami abin da zai daka ƙarfe a kai ba, mutumin nan zaune zai ƙare.

Na koma Ikara na shiga wurin 'yan gwangwan. Na samo wani gundumemen ƙarfe na tsohuwar katafila, na samo faifan ƙarfen sifirin babbar mota mai kauri don ya zama fuskar da za a riƙa duka. Na yanke, na goge, na ɗora wannan kan wancan na bi gefuna da walda, ɗinki mai kyau kamar a sa a gaban shago. Na ɗauko ta a bayan mashin, ni da ita muna rangaji, na dire a gabansa.

Ya dube ta, ya dube ni.

"Mece ce wannan?"

"Uwa ce, Baba. Ni na yi maka."

"Ikon Allah. Yau ga ɗa ya haifi uwarsa."

Amma hannunsa ya tafi aljihu, na ji sanyi a raina. Ya buga. Ƙarar ta fito a dakushe, kamar an bugi tulu mai tsaga. Ya karkata kai ya daɗe.

"Wannan ba maƙaryaciya ba ce," in ji shi. Har na fara murmushi. "Munafuka ce. Baki a haɗe, ciki a rabe."

A kaina aka fara hukunci na uku. Kuma daidai ya faɗa, gefe kawai na kama, tsakanin ƙarfen biyu akwai iska. Gyaran shi ne a raba su, a sa wani ɗan ƙarfe a tsakiya ya ɗaga fuskar sama kaɗan, sannan a riƙa zura sandar walda ta wannan kafar ana cikewa daga can ciki har zuwa baki. Kuma ƙarfe mai kauri irin wannan sai an gasa shi tukuna, in ba haka ba waldar tsagewa za ta yi. Gashi kuwa sai wutar maƙera.

Na ɗauko inji da janareta a bayan akori-kura na sauke a rumfarsa. Ya fito da tabarma ya zauna a bakin zaure, ya juya mini baya, wai shi iska yake sha. Na hura wuta na kama zugazugi. Na iya zuga tun ina yaro, amma ranar da gangan na riƙa yin ta a karkace, wannan hannu ya riga, wancan ya makara. Ina kallon ƙeyarsa tana motsi. Bai jima ba ya miƙe.

"Wannan zuga ce ko tarin akuya? Tashi, Tela, kada ka kashe mini fatar zugazugi."

Ya zauna ya karɓa. Jama'a, da kun ji yadda rumfar nan ta dawo da numfashi. Iya Hajara ta leƙo ta kan danga, ta koma da sauri tana share ido da bakin zane.

Da ƙarfe ya gasu na ɗauko guntun rodi zan sa a tsakiya. Sai ya riƙe mini hannu. Ya laluba aljihu, ya fito da ɓallin tsohuwar uwa, ashe duk kwanakin nan yana tare da shi. Ya sa awartaki ya ajiye shi a tsakiyar ƙarfen da kansa, ya gyara masa zama.

"Ɗinke ta a ciki," ya ce. "Kada ka bar mata iska."

Wuni muka yi. Ina cikewa, ina kankare kashin walda, yana mai da ita wuta in ta fara hucewa. Da aka gama ya sa muka gasa fuskar har ta yi ja, shi ya ce yanzu, muka tsoma ta a ruwa, tururi ya cika rumfa. Bayan la'asar, da ta huce, muka kafa ta a kututture. Manoman da suka ji ƙarar janareta sun taru a bakin rumfa. Baba ya ciro guduma ya buga.

Ƙarar ta tashi siririya, ta daɗe tana yawo kafin ta mutu. Idonsa a lumshe har ta ƙare.

"Mai gaskiya ce."

Mutane suka fara hamdala. Ya ɗaga hannu.

"Amma uwar riƙo ce."

Haka ya kira ta har ƙarshen ransa. Ya yi damuna da dama yana ƙira a kanta, jikinsa ya dawo, faɗansa ya dawo, kowace safiya yana shafa ta da bisimilla. Amma ko baƙo ya yaba, sai ya ce, "Uwar riƙo ce, Tela ya ɗinka." Ni kuwa kalmar ba ta yi mini daɗi. Ina jin kamar yana cewa duk abin da ya fito daga hannuna rabi ne.

Da ciwon ajali ya kama shi mun kai shi asibiti. Yana kwanciya ya ƙwanƙwasa ƙarfen gadon ya ce maƙaryaci ne, a mai da shi gida. Likita ya yi dariya, daga baya ya ja ni gefe ya ce mu bi maganarsa.

Wata hantsi ina zaune a gefen shimfiɗarsa, mu biyu, na kasa haƙuri.

"Baba, shekara da shekaru tana yi maka aiki, ko tsaga ba ta yi ba. Har yanzu ba ta zama uwa ba?"

Ya juyo da kai a hankali.

"Kai wa ya haife ka?"

"Marigayi ƙaninka."

"Wa ya riƙe ka?"

"Kai ne, Baba."

"To, riƙon ya rage ka da wani abu? Ni a wurina babu sunan da ya fi wannan nauyi. Wadda ta haifa dole ce ta sa ta. Wadda ta riƙa, ita ta ga maraya ta ce a miƙo shi."

Na kasa ɗaga kai. Sai na ji yana laluben ƙarƙashin matashi. Ya fito da 'yar gudumar, ya ɗan ƙwanƙwasa mini ƙirji. Ya karkata kai, ya lumshe ido kamar yadda ya saba, ya daɗe yana saurare.

"Mai gaskiya ne," ya ce. Ya sa mini gudumar a hannu ya naɗe yatsuna a kanta. "Je ka hura wuta, Tela, mutane suna jira."

Ina rumfar yanzu, injin walda a gefe guda, zugazugi a gefe guda. Kowace safiya nakan yi bisimilla in shafa kanta, kuma duk wanda ya kira ni Tela ina amsawa.

Ya Allah, ga bawanka Tanimu ya zo gare ka. Ya riƙe maraya bai rage shi da komai ba, ka riƙe shi da rahamarka. Ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya makwancinsa, ka tashe shi cikin masu gaskiya. Amin.