Tattabarun maigida sun ƙi Karshi

Jama'a, yau mun tare a Karshi, amma wasu daga cikin iyalin sun koma tsohon gidanmu na Garki da kansu!

Kun san maigidana Baban Ummi da tattabarunsa. Ko ni ba na samun kulawar da suke samu. Da aka sauke kaya, sai na ga ya nufi kejinsu. Na ce, "Baban Ummi, ai ɗaure musu fiffike ake yi sai sun saba da sabon gida."

Ya ce, "Wannan na 'yan koyo ne. Nawa ni suka sani, ba gini ba."

Ya buɗe, ya watsa gero, ya yi fito. Suka tashi fir! Suka zagaya sau ɗaya, suka ƙare wa unguwar kallo, suka miƙe yamma. Ko waiwaye babu! Yana tsaye da gero a hannu yana cewa, "Motsa jini suke yi."

Har la'asar ana motsa jini.

Sai ga kiran matar da ta kama tsohon gidanmu. Ya saka a sifika don in ji.

"Oga, tsuntsayenka sun zo fa. Sun cika baranda."

Ya ce, "Alhamdulillahi! Madam, a kula min da su, ina zuwa."

"To ka yi sauri. Kyanwata tana kallonsu."

"Don Allah ki kulle ta!"

"Haba oga, gidanta ne yanzu. Kuma tun safe ba ta ci komai ba."

Da silifas ɗina ya fita!