Dirkokin Yaya Ilu

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Iliyasu masassaƙi, wanda mutanen Ruma suka fi sani da Ilu. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Karatuna bai yi zurfi ba, kuma ba na son magana ba kai ba gindi, saboda haka zan faɗi abin bi da bi, yadda ya auku.

Farkon abin shi ne mahaifinmu. Ya makance tun da sauran ƙarfinsa, ya ƙare kwanansa a gindin katanga, ko bayan gida zai zaga sai ya jira wanda zai ja masa sanda. Mutum ne mai zuciya, wannan jira ya fi ciwon cin ransa. To, da Yaya Ilu ya kai kamar shekarun da abin ya kama Baba, sai shi ma ya fara ganin yana-yana. Ya kira ni gona ya ce, "Sale, abin Baba ya zo. Ban ƙi ƙaddara ba, amma ba zan zauna ina jiran mai ja ba." In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shi nasa ruwan rumfa ce.

Ba irin rumfar kasuwa ba. Nufinsa rufi guda babba a kan dirkoki, wanda zai haɗa wurin aiki, da ma'ajiyar hatsi, da makwanci, don kada wata bukata ta fitar da shi fili inda hannu ba ya taɓa komai. A garinmu ba a yin haka. Rumbu daban, ɗaki daban, zaure daban.

Bai haƙa rami ko ɗaya ba a daminar farko. Ya zuba ido, da ɗan ganin da ya rage masa, ya ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Ya kakkafa guntayen itace iri-iri a filin, ya bar wa gara ta zaɓa. Da kaka ya tuge su, duk ta ci, ban da ƙirya. Sannan muka shiga daji muka saro ƙirya masu gwafa, ya babbaka gindinsu, ya tanadi toka ta zubawa a rami.

Sai abin da har yau nake gani kamar jiya. Ya kafa turaku dogaye a inda kowace dirka za ta tsaya, ya warware rawaninsa, ya ɗaure idonsa da rana tsaka, ya shiga yawo a tsakaninsu. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kada hannun hagu ya saki turke sai na dama ya kama na gaba. Inda ya lalubi iska, sai ya tsaya, ya tuge turken ya matso da shi. Matarsa Habi ta leƙo ta kan dangar gida tana dariya.

"Malam, da furfurarka kake wasan ɓuya? In na ɓoye tuwon ma ka nemo?"

"Ɓoye mana," in ji shi. "Hancina lafiyarsa lau."

Maƙwabta suka ce dirkokin sun yi yawa, rabinsu ma sun ɗauki rufin. Suka sa wa wurin suna Dajin Ilu. Yaya ya ci gaba da aikinsa. Tun ran gini ran zane, kuma shi ya san wanda yake yi wa zanen.

Ga yadda ya tsara. Gabas, inda hadari ke tasowa, ya ja bangon ƙasa ya yi makwanci. Tsakiya ya ɗora dandamali a kan duwatsu, gero a dama, dawa a hagu. Yamma ya bari a buɗe, nan ne wurin aiki da karɓar baƙi. Wuta kuwa ya hana ta shiga ko ta tukunyar taba, murhu yana can waje, domin ya ce tartsatsin da ba zai gani ba, ba zai ba shi masauki ba. Kowace dirka ya sassaƙa mata alama daidai kafaɗa, wata tsage, wata zobe, wata ƙulli. Ya kuma ajiye gizago tun kafin gizago ya ci yatsunsa, ya koma tufkar igiyar rama.

Gani ya ɗauke gaba ɗaya bayan an yi rufi da 'yan damuna kaɗan. Rannan ina zaune wani Bafillace ya zo daga wajen Babban Duhu neman dangwali, igiyar ɗaure maruƙa. Yaya ya tashi ya shimfiɗa masa tabarma, ya ɗebo ruwa a randa, ya wuce ya zaro igiyoyi ya baje, ya ce wannan ta fi waccan tauri. Suka yi ciniki, suka yi barkwanci. Da na raka baƙon sai ya ce, "Yayan nan naka kunya gare shi kamar Bafillace, ko sau ɗaya bai dube ni a ido ba." Na tsaya a bakin hanya. Na kasa gaya masa Yaya ba ya gani.

Yanzu zamani ya juya. Motoci na ɗibar gyaɗa zuwa Katsina, masu hali a Batsari da Safana suna rufin kwano, ƙirya kuwa ba ka sare ta sai da takardar malamin daji. Ko'ina maganar mulkin kai ake yi. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ba na jin zai ƙi kwano, mai son abu mai ƙarko ne. Amma na san tambayar da zai yi wa mai ginin yau, wanda ke sa harsashi Asabar ya tare Juma'a: "Ka gina wa kanka na yau. Na gobe fa, a ina zai dafa?"

Watan jiya ɗansa Mamman ya zo da shawarar a rufe rumfar da kwano, a cire dirkokin tsakiya don a sami fili. Ban yi masa faɗa ba, ko da yake an san ni da faɗa. Na kai shi ciki na ce ya duba daidai kafaɗarsa. An sake ciyawar rufin nan ban san iyaka ba, bangon ma an yaɓe shi sau da yawa, amma kowace dirka tana da wuri guda da ya yi sumul yana ƙyalli kamar an shafa man shanu. Tafin hannun ubansa ne ya goge shi.

Na ce ya rufe ido. Ya rufe, ya kama ta farko, ya miƙa hannu, ta biyu ta tarye shi. Haka ya tafi har bakin makwancin, bai yi tuntuɓe ba. Da ya buɗe idon, jawur.

Kwanon za a sa bayan kaka. Dirkokin suna nan.