Kunun da Yaya ta dama mini

Ranar da aka sallame ni daga asibiti a Tunis da zobe a cikina, takarda guda ɗaya likitan ya ba ni, kuma da na sauka Kwatano ni da hannuna na miƙa wa Yaya ita. Wannan miƙawar har gobe haushinta nake ji.

Bari in faɗi abin da ya kai ni ƙarƙashin wuƙar likita, don kada a ce gayu ne, kamar yadda matan unguwarmu ta Zongo suka yi ta yaɗawa. Ni mai jiki ce tun ina budurwa, kuma ban taɓa jin kunyar jikina ba. A shagona na atamfa, in na zauna na cika benci, 'yan sari daga Nijar da Najeriya sun fi sakin jiki da ni, don sun ga alamar kasuwa ta karɓe ni. Ciwon suga ne ya ɓata komai. Shi ya ci Innarmu, sai da aka yanke mata ƙafa daga gwiwa kafin ta rasu. Da na fara jin tafin ƙafata kamar na taka auduga, sannan wani ɗan gyambo ya fito ƙarƙashin babban yatsana na dama ya ƙi warkewa, likitata ta nan ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: ko nauyin ya sauka sugan ya bi shi, ko yatsan ya tafi. Na rage ci, na yi tattaki a bakin teku, na sha ganyaye har na gaji. Shiru kake ji. Shi ne aka yi mini aikin nan da ake ɗaure bakin tumbi da zobe na roba, wurin da abinci yake fara sauka ya koma bai fi ɗan kofin shayi ba.

Takardar da Faransanci take, Yaya kuwa ba ta yi lakwal ba, wato boko, don haka na zaunar da ita na fassara mata layi bayan layi. Sati biyun farko ruwa-ruwa kawai, romon da aka tace, madara marar maiƙo. Sati biyu na gaba abin da aka niƙa ya yi laushi kamar na yaye. Daga nan sai kifi, ƙwai, cukun nan wagashi, waken da ya dahu luguf, ganye, loma ƙanana, a tauna har ta narke a baki. Ba a kora abinci da ruwa, sai an ba da rabin awa. Lemon kwalba an yi ban kwana. Sakwara da burodi da tsire suna iya maƙalewa a zoben, a bi su a hankali ko a haƙura. A can ƙasa akwai layin da likitan ya ja wa jan biro: zoben abinci mai ƙarfi yake tarewa, abin sha kuwa wucewa yake yi salin-alin, saboda haka in ana shan mai zaƙi ko mai maiƙo, kamar ba a yi aikin ba ne. Sau biyu na karanta mata wannan layin. Ta ce ta ji.

Yaya uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ta ba ni shekara goma sha biyu, a bayanta na girma. Mijinta ya rasu ya bar ta a unguwar Laji, da ruwa ya ci ɗakinta wata damina na je na kwaso ta da kayanta, ta zauna a gidana. A Zongo an san ta da abu ɗaya, jinya da jego. Duk gidan da aka haihu ita ake aika wa, ta je ta dama kunun kanwa, ta yi farfesu, ta tsare maijego da cokali. Abin alfaharinta shi ne macen da ta riƙe ta fito arba'in kumatu na sheƙi, wuya ya yi gammo. Na san wannan sarai. Amma wa zan ba cikina in ba ita ba? 'Ya'yana mata duk suna gidajensu, Alhaji kuma, maigidana, ko ruwan zafi bai san yadda ake ɗorawa ba.

Wata biyun farko komai ya tafi daidai. Yaya takan sa a kawo ɗanyen kifi daga wurin masunta a Plakoji, ta dafa ta tace, ta ba ni a ɗan faranti. Nauyi ya fara zubewa, awon suga na safe ya sauko, gyambon ya fara bushewa daga gefe. Na hau matattakalar gidana ba tare da na tsaya hutu ba, na zauna a sama na yi kukan daɗi ni kaɗai.

Sai muka je wani suna. Nan ne aka fara. Mata suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe hannuna, suna yi mini sannu da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa wanda aka fitar da rai da shi. A wurinmu rama ba ta da fassara mai kyau. Ko dai cutar nan da ba a kiran sunanta, ko kasuwa ta karye, ko miji ya daina cefane, ko an yi wa mutum asiri. Kafin a raba goro an ɗora mini duka huɗun. Ni dariya ma abin ya ba ni. Yaya kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Bayan kwana biyu Alhaji ya dawo daga tashar manyan motocinsa fuska a ɗaure, wai abokansa suna tsokanarsa, suna tambaya ko a yi masa karo-karon masara.

A satin ne kunu ya shigo. Kunun gyaɗa, da tsamiya da citta, da ɗuminsa a fulas. Na kurɓa na ji zaƙi, na tambaya. Yaya ta ɗauko ɗan kwalin ƙwayoyin zaƙin nan na masu ciwon suga, madadin sukari, da na saya a farmasi, ta girgiza mini shi a fuska, ta ce biyu ta jefa. Romon ma ya fara zuwa da wani maiƙo a samansa, ta ce ai kifin bana kitse gare shi. Na yarda. Me zai hana in yarda? Kuma gaskiya kunun nan ya yi daɗi, ba ya tsayawa, ba ya sa ni amai, yana sauka ya kwantar mini da rai. Da safe kofi, da hantsi a shago kofi, da la'asar kofi.

Sikeli ya tsaya cak. Sannan ya fara hawa. Awon suga ya koma inda ya fito har ya wuce. Likitata ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Madam, kina ci a ɓoye." Ni! Mace da jikoki, a ce ina satar abinci kamar ɓera. Na yi ta rantse mata. Ta sa na sayi kaye, littafin 'yan makaranta, in riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakina. Na rubuta tsakani da Allah. Da ta ga kunu ta tambayi abin da ke ciki, na ce gero ne da tsamiya da 'yar gyaɗa kaɗan, ba suga, yayata ce take damawa, kuma ita ta fi ni tsoron ciwon nan tunda ita ta yi jinyar mahaifiyarmu. Na tsaya wa Yaya a ofis ɗin nan kamar zan yi dambe.

Tunda littafin ya nuna ba laifin abinci ba ne, sai aka ce zoben ne ya yi sako-sako. Akwai wani ɗan maɓalli da aka bari ƙarƙashin fatar cikina, ta nan ake soka allura a ƙara ruwa a zoben ya tsuke. Aka tsuke sau ɗaya. Bayan wata guda aka ƙara. Daga nan ko tsokar kifi na haɗiya sai ta tokare mini ƙirji, in tashi da gudu in amayar, idanu jawur. Ƙwai ya gagara, wagashi ya gagara. Abu ɗaya ne ya rage mai wucewa lafiya. Yaya ta sayo babban fulas. Tana zaune a gefena tana shafa mini baya in na gama amai, tana cewa sha, Auta, sha ki samu ƙarfi. Ina sha ina sa mata albarka. Kumatuna suka ciko, matan unguwa suka fara cewa alhamdulillahi Hajiya ta samu sauƙi. Gyambon kuwa ya buɗe sabo, ya fara ruwa, ya fara wari.

Wata Talata da hantsi ƙafar ta kumbura har silifa ta ƙi zama, na rufe shago na hau zem, babur ɗin haya, na dawo gida. Yaya ta fita gidan wata maijego. Na shiga bayan madafa neman roba da zan wanke ƙafar, na jawo wani buhu da ke ƙarƙashin matattakala, ya kife. Gwangwanaye suka watse a siminti suna ƙara. Na madarar nan ce mai kauri mai zaƙi, wadda masu shayi suke tsiyayawa. An wanke kowanne tas, an kife ya bushe. Yaya ba ta iya yar da gwangwani ba, tarawa take yi ta kai wa mata masu awon gyaɗa da gishiri. Da ta iya zubarwa a bola, da wataƙila har yau ban sani ba. A bayan buhun ga wata roba cike da man shanu, irin wanda fataken shanu suke saukowa da shi daga arewa. Na buɗe kabad na ɗauko kwalin ƙwayoyin zaƙin nan. Cike yake, ko goma ba a taɓa ba.

A nan ƙasa ta dawo ta same ni zaune cikin gwangwanaye. Na ɗauka za ta rikice, ko ta yi ƙarya, ko ta durƙusa. Ko ɗaya. Ta cire mayafi ta rataye, ta ce ai da ma ta san wata rana zan gani.

Na ce, "Yaya, na karanta miki layin nan sau biyu."

Ta ce, "Kin karanta. Shi ya sa na san ta inda zan bi."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Ta ci gaba da magana hankalinta kwance, wai ba za ta zauna a gida ɗaya da ƙanwarta tana ƙarewa kamar kazar da ta sha ruwan sama ba, ana nuna ta a gidan suna ana cewa ga wadda take jinyarta can. Wai duk Zongo ba a taɓa cewa wani ya rame a hannunta ba, ba kuma za a fara a kan 'yar uwarta ba. Wai Turawa da Larabawa ba su san jikinmu ba. Na tambaye ta inda ta samu madara har buhu guda, don na san abin da ke hannunta. Nan ne kawai ta sunkuyar da kai.

Alhaji ne. Katan-katan yake sayowa, ya bari a but ɗin mota sai na tafi shago a shigo da shi. Da na tare shi bayan azahar, cewa ya yi shi fa bai san abin zai kai haka ba, Yaya ce ta ce ɗan kaɗan ba ya komai, kuma in duba irin maganganun da yake sha a waje. Mutumin nan shi ya raka ni Tunis. Shi yake kai ni wurin likita, yana zaune a kujerar gefe ranar da aka ce ina ci a ɓoye, yana zaune ranar da aka soka mini allura aka ƙara tsuke zoben. Ya ga hawayena, ya miƙo mini hankici, bakinsa a rufe.

Washegari na koma wurin likitata da gwangwani ɗaya a jaka, na ajiye mata a tebur. Ta ɗauka ta duba, sannan ta ba ni haƙuri, ta sassauta zoben a take. Amma da ta kwance bandejin ƙafar, sai ta kira wani likitan. Ba a yi sati ba aka cire babban yatsan da na kusa da shi. Ta ce ba za ta iya rantsewa kunun kaɗai ne ya jawo ba, ciwon ya daɗe yana aikinsa. Ita likita ce, dole ta faɗi haka. Ni dai na ga gyambon nan yana bushewa da idona kafin a fara dama mini kunu.

Kwana na uku a asibiti Yaya ta zo. Na kwana biyu ba na iya cin komai, na zube sosai. Ta tsaya a bakin gado ta ƙura mini ido, sai hawaye. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce yau dai ta gane. Na janye zanin da ya rufe ƙafar, na ce ta duba. Ta kalla sau ɗaya, ta mayar da idonta kan wuyana, ta kai hannu ta taɓa ƙashin da ya fito.

Ta ce, "Auta, ƙafa ai zani yana rufe ta. Wannan fa, da me za mu rufe?"

Na juya fuskata bango har ta gaji da tsayuwa ta fita.

Yanzu ni nake dafa abincina, a 'yar tukunya, a kan ɗan risho a ɗakina, in zan fita in kulle. Kifi rabin tafin hannu, cokali biyu na wake, ganye, in zauna in yi ta tauna kamar tsohuwa. Nauyin ya sauka, sugan ya lafa, sauran yatsu takwas suna nan. A Zongo, ka ƙi cin abincin hannun ɗan uwanka daidai yake da ka ce yana yi maka sammu, kuma haka aka fassara, ni ce ma na zama marar mutunci. Ban kori Yaya ba, ina za ta je? Tana ɗakinta, ina gaishe ta kowace safiya, in ta yi ciwo ni nake kai ta asibiti. Jiya na dawo daga shago ina ɗingishi, maƙogwarona a bushe, ta tare ni a tsakar gida da kofin ruwa, ruwa zalla, ina ganin gindin kofin. Na ce na gode, Yaya, na wuce na ɗebi nawa a famfo.