Fuskar da Kawu Ya Shafe da Farin Fenti

Shekarun baya, lokacin ina gyaran mukayyif a Riyad, wato na'urar sanyaya ɗaki, aiki ya kai ni wani ɗan gidan koyon zane a unguwar Dira. Na je ne in wanke na'ura in kama gabana, sai na ɓige da tsayawa a bayan ɗalibai, sukudireba a hannu, baki buɗe. Mai wurin, wani tsoho ɗan Sudan, ya ce, "Ya akhi, ko za ka gwada ne?" Na ce masa ni rabona da zane tun taswirar Najeriya a firamare, ita ma bulala na sha a kanta. Ya yi dariya, ya ce in riƙa zuwa ranar Juma'a bayan la'asar.

A lokacin garin ya fara buɗewa. Ga gidajen sinima, ga baje-kolin littattafai, ga wuraren nuna zane. 'Yan ɗakinmu a unguwar Manfuha ba su ga abin da ya haɗa mai gyaran mukayyif da waɗannan wurare ba. In na dawo da fenti a farce sai su ce, "Ga Bature ya dawo." Ban damu ba, don akwai abin da nake nema.

Mahaifiyata ta rasu ina Riyad. Kafin kafili, wato ubangidan da takarduna ke hannunsa, ya amince in tafi, har an yi sadakar bakwai. Ita kuwa mace ce da ba ta yarda da hoto. In ka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta ce, "Kai, raba ni da shashanci." Hoto ɗaya da ta taɓa ɗauka na katin zaɓe ne, shi ma ya tafi da ruwan da ya rushe ɗakinta. Sai na fara lura fuskarta tana guje mini. Ina jin muryarta sarai, amma in na rufe ido sai in ga ɗankwali, in ga hannuwa, tsakiya kuwa dishi-dishi. Wannan tsoron ne ya sa na dage da zane.

Na yi watanni ina zana ta zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana dama fura. Jiki ya fito, ƙwarya ta fito, fuska ta ƙi. In na zana sai ta zama ƙanwata, ko wata baƙuwa. Ran nan da yamma, ban san yadda aka yi ba, na ɗan karkatar da gefen baki, na sauke girar hagu, sai ga ta. Wallahi ita ce, da kallon nan da take yi maka in ta san ƙarya kake yi amma ta ƙyale ka. Na ajiye burushi na fita waje na yi kuka kamar yaro. Malamin, wato tsohon nan ɗan Sudan, ya ce za a yi ɗan baje-koli na ayyukan baƙi mazauna garin, kuma wannan zai shiga.

Ni da nake ɗaukar hoton farantin kabsa in tura gida don a san ina cin shinkafar Larabawa, ban ɗauki hoton wannan ba. Wai sai ya bushe na sa masa firam, sannan in ba ƙanwata mamaki. Na ɗauko shi na kawo ɗaki, na jingina a saman durowa, don in riƙa buɗe ido da safe ina ganinta.

A ɗakinmu akwai wani dattijo ɗan garinmu, muna ce masa Kawu. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka, shi ya ba ni katifa, shi ya koya mini yadda ake magana da kafili. Ya san mahaifiyata tun tana amarya. Da ya ga zanen ya tsaya, ya yi salati, ya ce, "Ikon Allah, ita ce."

Washegari na dawo daga aiki a unguwar Gubaira, tun daga ƙofa na ji warin fentin bango. Na duba saman durowa. Ɗankwali na nan, hannuwa na nan, ƙwarya na nan. Inda fuska take kuwa, farin fenti ne dambaɗe, ragowar wanda mai gida ya bari a banɗaki.

Na ce, "Wa ya taɓa wannan?"

Kawu yana zaune yana shan shayi, ko gezau. Ya ce, "Ni ne, ɗana. A ɗakin nan muke salla, bai kamata a ajiye hoton mai rai ba. Ban fasa maka ba, fuskar kawai na rufe, haka ake yi. Taimakonka na yi, ita ma na taimake ta."

Na ce, "Kawu, ba ni da baki ne? Ba ni da waya? Da kun ce in fitar da shi, wallahi ko takalmi ba zan tsaya sawa ba! Ga talabijin can kullum muna kallon ƙwallo, ba ku shafa masa fenti ba. Ga hotonku a iƙama, katin izinin zama, ba ku kankare ba. Sai fuskar uwata?"

Ya ce, "Yanzu ni kake ɗaga wa murya a kan katako? Ai hannunka ne ya yi, ka sake wani."

Wannan "ka sake wani" ita ta fi ƙona ni. Sauran 'yan ɗaki suka taso, kowa "yi haƙuri, babba ne." Babu wanda ya ce masa bai kyauta ba, ko mutum ɗaya. Ƙarshe ma ni aka sa na ba shi haƙuri.

Na ruga wurin malamin da allon a hammata. Muka gwada ɗaga farin a hankali, amma fentin da ke ƙasa bai gama bushewa ba, duk inda muka goge sai ya taho da ita. Na zauna na sake zanawa, na karkatar da baki, na sauke gira, na yi duk abin da na yi ran nan. Ba ta dawo ba.

Malamin ya ce a rataye shi haka. Ranar baje-kolin na tsaya a gefe, sai ga wani mai gilashi ya daɗe a gabansa, ya juyo ya ce, "Mashallah, wannan hikima ce. Ka bar ta babu fuska don ta zama uwar kowa." Na ce masa shukran, don ba ni da Larabcin da zai ɗauki abin da ke bakina. Uwar kowa? Ni tawa nake nema.

Ba na jayayya da Kawu a kan hukunci, ni ba malami ba ne. Abin da har yau yake tafasa mini zuciya shi ne mutum ya ga abin da ka fi ƙauna, ya yanke shawara shi kaɗai, ya aiwatar, sannan ya zauna yana jiran godiya. Mu a ɗakunan haya na ƙasar waje mun saba kayan kowa na kowa ne, sabulunka, cajarka, bargonka. Mun saba har mun manta akwai abin da sai an tambaya.

Kawu ya koma gida tuntuni. Muna gaisawa da salla, ya sa mini albarka in ce amin. Na yafe masa, don ita ma da haka za ta ce. Amma a da in na rufe ido ina ganin fuskarta ko da dishi-dishi ne. Yanzu in na rufe, farin fentin nan nake gani.