Kukan Katako a Bayan Kunnen Inna

Shekarun baya, lokacin da faifan DVD ya fara korar kaset ɗin bidiyo daga gidajen Madina, na sayo wani teku a shago, na shigo da shi gidanmu na unguwar Bani Harisa, ya kori mahaifiyata daga majalisinta, wato ɗakin zamanmu.

Ni malamin Turanci ne, irin malaman da ke karance littafin bayanin na'ura daga bango zuwa bango kafin su jona ta. Na sayi na'urar faifai da ƙananan sifikoki masu kewaye ɗaki, na haɗa da wani fim na 'yan fashin teku a wani shago a Aziziyya. Faifai biyu ne a kwalin: ɗaya fim, ɗaya ƙarin bayani kan yadda aka shirya shi. Na auna ɗakin kamar mai shirin jarrabawa. Littafin ya ce sifikar baya ta zauna bayan mai kallo, daidai kunnensa. Bayan mai kallo a majalisinmu kuwa shi ne kusurwar da Inna ke jingina kowace la'asar, da butar shayi a gabanta, 'yata a gefenta. Wannan zaman ne kaɗai wurin da yarinyar ke jin Hausa tsantsa, duk da cewa da Larabci take amsawa.

Hoton ya yi kyau, ba na musu. Bayan shekarun da muka yi muna kallon kaset mai yayyafi, sai ga shuɗin ruwa kamar ka ɗebo, ga zaren igiya ana iya ƙirgawa a fuskar talabijin. Ina ta fassara wa Inna, ina jin kaina. Sai guguwa ta taso a fim ɗin. Jirgin ya karkata, mutane suka fara zubewa cikin ruwa. Inna ta ajiye kofinta bai ƙare ba, ta gyara mayafi, ta fita.

Washegari ba ta zo ba. Jibi ma haka. Shayin ya koma ɗakinta, ita kaɗai. 'Yata ta leƙa kakarta, wadda take kira Sitti, ta dawo ta ce, "Sitti ta ce ta gaji." Mako ya zagayo, ko talabijin ɗin a kashe yake ba ta taka majalisin.

Na san Inna ta haye Bahar Maliya tana ƙarama, daga tashar jiragen ruwa ta Sawakin, cikin ayarin mahajjatan da suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa. Iyakar abin da na sani ke nan, don ba ta taɓa ƙarawa ba. Sai na yanke hukunci irin na malami: tsohuwa ta ɗauka mutanen nan da gaske suka nutse. Maganin rashin sani kuwa darasi ne, darasi kuma sana'ata ce. Na ɗaura aniyar sai na dawo da ita kusurwarta.

Na zauna da faifai na biyu, na tsallake hirarrakin 'yan wasa suna yabon juna, har na sami abin da nake so: jirgin a cikin wani ƙaton tafki na siminti, manyan fankoki suna hura iska, wasu ƙarti sanye da gajeren wando suna sheƙa wa jarumin ruwa ta bututu. Na ciccibi ƙaramin talabijin da na'urar na kai ɗakinta.

"Inna, ki duba. Ba wanda ya mutu. Ga wanda ya nutse can yana cin sanwic."

Ta kalla har ƙarshe, cikin haƙurin da ake yi wa yaro mai bitar hadda. Sannan ta ce, "Ustaz." Haka take kirana idan zan sha faɗa. "Ina kallon fim tun kana tsumman goyo. Na san wasa ne."

"To me ya fitar da ke?"

"Abin da ka liƙa mini a bayan kunne. Ruwan ƙarya ne, iskar ƙarya ce, amma kukan katakon nan ba ƙarya ba ne. Halas, magana ta ƙare, ɗauke kayanka."

Na ɗauke kayana. Na cire sifikar, na sanar da ita na cire. Ta ce madalla, ba ta zo ba. Ɗakin ya riga ya yi mata kuka, shi ke nan.

Da ni mai saurin sallamawa ne da na mayar da komai cikin kwali. Amma na koma kan faifai na biyu, wannan karon ban tsallake komai ba. Can ƙasan jerin akwai wani sashe kan sauti, ko tarjamar Larabci ba su damu su sa masa ba. Ina gama kallonsa na tafi ƙofarta.

"Inna, na gano mai kukan. Amma ba zan kawo shi nan ba. Sai kin zo majalis."

"Ka zama ɗan kasuwa ke nan."

"Na gaji wayo."

"Ba daga wajena ba," in ji ta. Amma bayan la'asar sai ga ta, tana dafa kafaɗar 'yata. Ba ta zauna a kusurwarta ba, ta zauna kusa da ƙofa, takalmanta na kallon waje.

A talabijin, wani mai sanƙo da tabarau ne a cikin ɗaki mai kama da shagon gwanjo. Ya ɗaure tsohuwar kujerar katako da igiya, ya ɗora gwiwa a kanta, yana murɗa ta a hankali gaban makirufo, yana kallon jirgin a allo. Kujerar ta saki kukan nan. Na ga yatsun Inna sun damƙe mayafinta. Na yi ta fassara: ya ce ya gwada ƙofofi da akwatuna, wannan kujerar ce kawai ta yi.

Sai Inna ta ce, "Maimaita."

Na maimaita. Mai sanƙo ya sake hawa kujerarsa.

"Yanzu kujera ce ta kore ni daga ɗakina?" Dariya ta ƙwace mata har tana share ido. "Allah ya shirye ka, kai da wannan kafinta."

Da dariyar ta lafa, ba ni ta kalla ba, 'yata ta kalla. Ta ce ita ba ta ga teku ba a wannan tafiyar. A can ƙasan jirgin aka cusa mata da yara tsakanin buhuna, ba abin da ke iso musu sai kukan katako. Mahaifiyarta ta riƙe mata kai ta ce, muddin katako na kuka jirgi na da rai. A wannan tsallakawar ne zazzaɓi ya ɗauki mahaifinta. Ba ta ga an yi masa sallah ba, ba ta ga an saka shi a ruwa ba. Ta dai ji maza sun yi kabbara a sama, katako kuma bai fasa kukansa ba.

Ni da nake ɗanta, abin da na sani shi ne kakana ya rasu "a hanya".

'Yata ta matsa jikinta, ta haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka kwata: "Sitti, kin ji tsoro?" Da Hausa. Inna ta gyara mata zaman kalma guda, sannan ta ce a miƙo mata butar shayi, ta tashi ta koma kusurwarta.

Ban sake mayar da sifikar nan ba. Littafin bayanin ya san inda kunnen mai kallo yake, bai san abin da kunnen ya riga ya ji ba, ni ma da na haddace littafin ban sani ba. Inna ta rasu tuni, na'urar ta lalace, fim ɗin ma ba zan iya faɗa muku wa ya ci dukiyar a ƙarshe ba. Faifai na biyu dai yana nan a ajiye. Akwai kuma wata kujerar katako a ɗakin malamai da ke kuka duk lokacin da aka zauna a kanta. Abokan aikina sun sha cewa a jefar da ita. Ni nake hanawa.